Mai Gadin Cikin Injin Ɗumi

Ɗiyar Nusaiba ta zo duniya tun ba a shirya mata ba. Cikin bai cika wata takwas ba, ana ta cewa bari ruwa ya ɗan tsagaita a kai ta gidan iyayenta can Gummi, ta haihu gaban uwarta kamar yadda ake yi wa mai cikin fari, sai ga naƙuda ta taso mata tana tsakar tankaɗe. Daga Nasarawa Burkullu anka ɗauko ta bisa babur, mijinta Makau shina tuƙi, uwar mijin, Inna Sa'a, na riƙe da ita ta baya, ruwa na dukansu, taɓo na riƙe taya, har sunka kai wani ɗan asibiti da ke kan hanyar Bukkuyum. Nan ta sauka lafiya. Mace ce, 'yar mitsitsiya, tafin ƙafarta bai fi babban ɗan yatsan Makau ba. Amma fa da gashinta ta zo, baƙi wuluk, kwance luf, ga 'yan farce kamar an zana su da allura.

Malama Lubabatu, nas ɗin da ta karɓi haihuwar, ta juya yarinyar ta saurari ƙirjinta, ta ce alhamdulillahi da kanta take numfashi, ba abin da ke damunta sai abu guda, shi ne sanyi. Ta ce bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe mashi ɗumi, in jikinshi ya huce to nono ma ba shi iya sha, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Don haka anka kwantar da ita cikin injin ɗumi. Wani ɗan gado ne mai bangon gilashi, da ƙarfe mai zafi rataye can sama, sai wata siririyar waya mai kai kamar maɓalli da ake manna wa jaririya a ciki, ita ke jin zafin fatarta tana gaya wa injin ya ƙara ko ya rage. Da wutar sola yake aiki, baturan na cikin wani ɗan ɗaki bayan nan.

To ga injin ga gadon Nusaiba, tsakaninsu bai fi miƙa hannu ba, amma ita bango take kallo. Ku da kunka san wajenmu kun san dalili. Mai haihuwar fari ba ta kallon ɗanta gaban manya, ba ta ɗaukarshi, ba ta tambayar ya kwana, ko nono sai an yi ta lallashi ana zaginta da wasa kafin ta ba shi tana rufe fuska. Balle gaban uwar miji. Balle kuma Inna Sa'a, wadda uwarta Bafulatana ce, wadda Makau ɗanta na fari ya yi gemu ya yi aure amma har yau bakinta bai taɓa kama sunanshi ba, sai dai ta ce "wancan". Uwar Nusaiba da za ta ɗan sassauta mata, ruwa ya tsare ta a Gummi. Sai ya zama Nusaiba na tatsar nono a ɗan kofi ta juya baya, Malama na ɗura wa yarinya da cokali. In Inna ta fita alwala, nan ne take juyowa da sauri ta ƙare wa ɗiyarta kallo, ta ƙirga 'yan yatsu, ta ga yadda ɗan cikin ke hawa da sauka, da ta ji ƙarar takalmin Inna sai ta koma ga bangonta. Ta haddace duk wata tsaga ta bangon nan.

Ana nan sai marka ta zauna. Kwana da kwanaki rana ba ta leƙo ba, yayyafi kawai, gari ya yi jiƙe-jiƙe, zannuwa sun ƙi bushewa. Malama ta kashe fanka, ta kashe ƙwan fitila, ta hana kowa sa cajin waya, wai duk abin da ya rage cikin batir na yarinya ne. Duk da haka, wata safiya da hantsi, sama ta yi duhu kamar magariba, sai injin ya yi ƙara sau biyu, wata 'yar jar fitila ta kama, ƙarfen nan na sama da ke ja ya fara dushewa har ya koma baƙi.

Nusaiba ba ta juyo ba, amma ta ji abin har cikin bayanta.

Malama ta zo da sauri ta sa wa yarinya hula, ta ƙara mata zane, ta danna maɓalli, shiru. Ta kira wanda ya kafa masu sola, wani Kamaluddeen da ke zaune a Anka, ya ce batir ne ya yi ƙasa, kuma shi ko da zai zo da wani, rafi ya cika ya batse, babur ba ya ƙetarewa yau. Inna Sa'a ta ce to a kawo garwashi cikin kasko mana, da shi anka rene su duka. Malama ta ce a'a Inna, hayaƙin gawayi ba na ɗan huhun wannan ba ne. Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki jikarta ta rungume, Malama ta sake cewa a'a, don tun dukan ruwan da ta sha bisa babur take fama da mura da tari.

Malama ta sa ma'aunin zafi ƙarƙashin hammatar yarinyar, ta duba, fuskarta ta canza kaɗan. Daidai nan anka shigo da wata mata ranga-ranga, naƙuda ta zo mata da jini, mutanenta na kiran Malama daga ɗaya ɗakin. Malama na fita tana waiwaye ta ce wa Nusaiba ta buɗe riga ta kwantar da yarinya tsakanin nonuwanta, fata da fata, ta ɗaure da zane, yanzu ba anjima ba. Ta wuce.

Nusaiba ta ji maganar sarai, Inna ma ta ji. Ta buɗe ƙirji gaban uwar mijinta, ta rungume ɗiyar fari kamar wadda ba a yi wa tarbiyya ba? Gobe a ce a Nasarawa ɗiyar mutanen Gummi ba ta da kunya? Ta ce a ranta bari Inna ta yi magana. Inna kuwa ta duƙar da kai tana jan carbi, don ita ma a tsawon rayuwarta ba ta taɓa ce wa mai haihuwar fari ɗauki ɗanki ba.

Makau ne ya kasa zama. Shi aikinshi injin niƙan dutse ne, wajen masu zinari can gefen Anka, shi ya sa ma duk zuwan da zai yi sai Malama ta sa shi ya yi wanka ya canza riga a waje saboda ƙurar dalma. Kuma mutum ne da ba a taɓa kawo mashi abin da ya ƙi tashi ya bar shi kwance ba. Fankar gidansu, rediyon Inna, fitilar masallacin unguwa, duk ya buɗe su ya cire abin da yake kira munafukin ciki, ya haɗa waya da waya kai tsaye, kuma suna aiki. Ya shiga ɗakin batir ya goga wata waya, ta yi tartsatsi, ya dawo shina murna ya ce wuta na nan, injin ne kawai ke taurin kai. Ya zaro sukundireba daga aljihu, ya tsuguna bayan injin, ya kwance murfi. Ya gano wayoyi biyu masu kauri da sunka hau zuwa ƙarfen zafi. Nufinshi ya cire su daga jikin wani koren faifai da suke maƙale, ya ja su kai tsaye zuwa batir. Abu guda ya tsayar da shi, bai tabbatar wace ce uwa mai kawo wuta wace ce ɗiya mai maida ta cikin wayoyin ba, sai ya karɓi lambar Kamaluddeen daga jikin bango inda anka rubuta ta da alli, ya kira, ya buɗe murya ya aje wayar a ƙasa don hannunshi biyu na aiki.

Kamaluddeen ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Malam Makau, aje sukundirebar nan tukuna. Na ji ƙararta, ba ka aje ba."

Makau ya aje.

Kamaluddeen ya ce mashi ya haska koren faifan nan, kusa da inda wuta ke shigowa, zai ga wani ɗan baƙin abu da bai kai ƙwayar wake ba, da 'yan ƙafafu kamar kaska. Makau ya ce ya gani, har guda biyu ma, kusa da juna. Kamaluddeen ya ce to su ne masu gyara ke kira aisi. Na farkon ba shi da aikin komai sai auna ƙarfin wutar da ke shigowa, dare da rana, ba ya ƙyaftawa. Ya ce injin nan yana da ƙwaƙwalwa, ita ke karanta abin da wayar cikin yarinya ke faɗi, to in wuta ta yi rauni ƙwaƙwalwar ba mutuwa take yi ba, gyangyaɗi take yi, ta karanta zafi ta ce sanyi ne. Shi ya sa da ɗan abin nan ya ga wuta ta sauka ƙasa da iyaka, sai ya kashe ƙarfen zafi tukuna, sannan ya kwantar da sauran, ya tsare ƙofa. Na biyun kuma shi ke tashin su in wuta ta dawo, kuma ba a tare ba. Ƙwaƙwalwa tukuna. In ta wartsake, sai mai jin zafin fata. Ƙarfen zafi shi ne na ƙarshe, sai an tabbatar akwai mai kallonshi.

Makau ya ce, "Ashe ɗan sanda kunka saka ciki. To ni ba ni da lokacin gaisuwa da shi, ta baya za ni bi."

"In ka bi ta baya ƙarfe zai yi ja, ba musu," in ji Kamaluddeen. "Amma wa zai ce mashi ya isa? Kai dutse ka saba niƙawa, in ya yi zafi ba abin da ke samunshi. Wannan fatarta ba ta kai bawon albasa kauri ba, kuma ba ta da ƙarfin kukan da za ta gaya maku."

Ya ƙara da cewa ko an tsira daga wannan, ƙarfen zai zuƙe ɗan abin da ya rage cikin batir ƙaf cikin ɗan lokaci, batir kuma in anka tatse shi har ƙasa ba lalle ya sake ɗaukar caji ba, rana ta fito a rasa inda za a zuba ta. Makau ya share zufa duk da sanyin da ake yi. Can ya tambaya, da wata murya da Nusaiba ba ta san shi da ita ba, to yanzu zama za su yi suna kallo tana hucewa? Kamaluddeen ya ce shi dai wayoyi ya sani, amma ya ji Malama na faɗi ba sau ɗaya ba cewa jikin uwa ya fi injin nan, ina uwar take?

Makau ya kashe waya. Ba shi iya ce wa matarshi ɗauki ɗiyarki gaban Inna, shi ma ɗiyar fari ce gare shi, ko leƙa gadon sai ya faki ido yake yi. Ya maida murfi, ya ɗaure kusoshi ɗaya bayan ɗaya a hankali, kanshi ƙasa.

Nusaiba duk ta ji. Tun da Makau ya zaro sukundireba zuciyarta ke cewa yi sauri, haɗa, haɗa, don in ƙarfe ya yi ja shi ke nan an hutar da ita. Yanzu wannan ƙofa ta rufe. Kuma sai ta lura da wani abu, tun ɗazu ba ta ji ɗan kukan nan mai kama da na ɗan kyanwa ba. Ta juyo. Gaban Inna, gaban Makau, ta juyo ta duba. Zane ya zame daga ƙafa ɗaya, ƙafar ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka, ba ta motsi. Ɗan cikin na hawa da sauka, amma a hankali. Nan take nono ya zubo mata, ya jiƙa gaban riga shaf.

Ta sauko da ƙafafunta ƙasa. Siminti ya yi sanyi. Ta miƙe, jiri ya ɗan ɗebe ta, ta dafa ƙarfen gado. Taku ɗaya ne tsakaninta da injin, amma ta tsaya nan, kunnuwanta sun yi zafi, tana jiran ta ji Inna ta yi gyaran murya.

Inna Sa'a ta ja mayafi ta rufe hanci da baki, ta juya kujerarta ta fuskanci taga. Ta ce, kamar da yayyafi take magana, "Ni dai murar ga ta sauko min ga ido. Tun safe ba ni ganin komi, ko hannuna." Sannan ta ɗan ɗaga murya. "Kai wancan, hita ka hau bisa ka share gilasan ga na rana. In ta taho ta iske ganye da kashin tsuntsu, ina za ta shiga?"

Makau ya fita har yana tuntuɓe da bokiti.

Nusaiba ta ɓalle riga. Ta cire wa yarinya zannuwa, ta bar mata hula da ɗan ƙyallen gindi, ta ɗauke ta. Wayyo, ba nauyi, kamar an ɗauki ɗan tsako. Da ta manna ta a ƙirji sai da ta ja numfashi, don sanyin jikin kamar an ɗora mata kwalbar ruwan randa. Ta juya mata kai gefe yadda hanci zai samu iska, 'yan ƙafafu sunka buɗe bisa cikinta kamar na kwaɗo. Sai ɗaurin zane ya gagara. Hannu ɗaya na tallafe da yarinya, da ɗayan ta jawo wannan gefe wancan ya zame, ta jawo wancan wannan ya faɗi. Ba ta ji tasowar kowa ba, sai dai ta ji hannu mai kaushi ya karɓi bakin zanen ta baya, ya zagayo da shi ƙarƙashin hammata, ya gyara shi daidai ƙarƙashin kunnen yarinya, ya ɗaure tamau. Mai ciwon idon nan ko kuskuren yatsa ɗaya ba ta yi ba. Ta ɗauko bargo ta lulluɓa masu, ta tura filo bayan Nusaiba don ta kishingiɗa, ta koma ga tagarta tana tari cikin mayafi.

Daga nan sai jira. Ana jin Makau bisa kwano, ƙwaram ƙwaram, shina share gilasan sola da rigarshi. Ana jin muryar Malama can ɗaya ɗakin tana cewa yunƙura, yunƙura. Nusaiba kuwa ba ta jin komai sai ɗan wurin nan na ƙirjinta. Da farko sanyin ya ƙi tafiya, har ta fara tsoron ko ita ce ba ta da ɗumin da zai isa. Ta yi ta karanta duk abin da ta iya a zuci. Sannu a hankali sai ta kasa gane inda fatarta ta ƙare da inda ta yarinya ta fara. Can sai wani ɗan abu ya yi mata susa ƙarƙashin nono. 'Yan yatsu ne, suna buɗewa suna rufewa.

Da Malama ta dawo, hannunta na warin sabulu, ta tsaya bakin ƙofa ta dubi Nusaiba, ta dubi ƙeyar Inna, ta yi murmushi. Ta zura ma'auni ta cikin zane, ta jira, ta duba, ta ce ya fara hawa, kar a motsa. Ta ce waccan matar ma ta sauka, namiji, ƙato, shi ba ruwanshi da injin kowa.

Bayan azahar gajimare ya tsage ta yamma, rana ta leƙo. Makau ya diro daga bisa ya shigo jiƙe sharkaf, ya tsaya gaban injin, ya ga har yanzu jar fitila ce. Ya ce ga rana ta fito, me kuma ɗan sandan ke jira, takardar izini? Malama ta ce haka yake yi kullum, ba ya yarda da fitowar farko, sai ya ga wuta ta tsaya da ƙafarta ba ta hawa tana sauka, don kar ya tashi injin ya sake faɗuwa. Makau ya ce wannan ko surukinshi na Gummi bai ja mashi rai haka ba ranar da ya je neman aure. Inna ta ce, ba tare da ta juyo ba, ai da sun san haɗa waya kawai ya iya da sun ƙara ja.

Sai da inuwa ta ɗan karkata sannan jar fitilar ta mutu. Wata koriya ta kama. Anka ɗan jima, lambobi sunka fito jikin gilashin gaba. Anka ƙara jimawa, injin ya yi 'yar ƙara shina neman wayar da ake manna wa ciki, Malama ta riƙe kan wayar cikin tafin hannunta don su gani, lambobi sunka motsa. Sannan, can daga ƙarshe, ƙarfen sama ya fara ja kaɗan kaɗan. Makau na tsugune shina bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, shina cewa wallahi kamar yadda mutumin ya faɗi. Har Inna ta manta da ciwon ido ta juyo tana kallo.

Malama ta sake auna yarinya. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce zafinta ya dawo daidai, cif. Makau ya ce to a maida ta ciki tunda ya tashi. Malama ta ce a'a, a bar ta inda take, nan ya fi mata. Injin ya jira lokacin da uwar za ta yi wanka ko barci ya ɗauke ta.

Su duka hankalinsu na ga injin, ana ta gardamar ko a kashe shi a tara wuta ko a bar shi. Nusaiba ta ɗaga bakin bargo ta leƙa. Ido biyu ta tarar, 'yan ƙanana, baƙaƙe, a buɗe. Ɗan bakin na ta laluben fata, yana buɗewa yana karkata gefe. Ta sa yatsa ta gyara mata kaɗan. Yarinya ta kama, ta saki, ta sake kamawa, sai ta ja. Ja ɗaya, biyu, ta huta, ta ƙara.

"Malama," in ji Nusaiba, a hankali, kuma ba ta rufe fuska ba. "Zo ki gani. Tana sha da kanta."